Yatsun Walƙiya

A layin masu buga takardu, idan ka tambayi inda mai yanka yake, ba mahauci za a nuna maka ba. Za a ce ka shiga ƙofa ta uku bayan famfo, wadda warin tawada da na gam ke tarbar mutum tun daga bakinta, ka wuce injin bugawa, ka wuce dogon teburin da mata ke harhaɗa shafuka, can ƙurya inda taga ɗaya ke zubo haske a kan ƙarfe, nan za ka same shi. Takwas ake ce masa. Yaran layin kan ƙara masa Baba a gaba. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Idan baƙo ya yi kamar zai tambaya sai ya fasa, shi da kansa yake ɗaga hannun hagu ya hutar da shi. Yatsan manuni da na tsakiya babu su. Wurin ya warke sumul, kamar dama haka aka halicce shi.

Shekara arba'in da biyu ke nan yana yankan takarda a wannan maɗaba'a. Ya yi aiki da uban, yanzu yana yi da ɗan, wanda kowa ke kira Manaja. Duk abin da aka buga a gidan, littafi ne ko kati ko rasit, sai ya biyo ta hannunsa kafin ya fita duniya. Yakan ɗauki rim guda ya buga gefensa a kan teburin ƙarfe, ya shafa shi, ya bubbuga shi a hankali yadda ake bubbuga bayan jariri, har takardu ɗari biyar su daidaita su zama kamar abu ɗaya. Sannan ya taka feda, ƙarfe ya sauko ya danne su. Sannan wuƙa. Wuƙar ta fi hannun babban mutum tsawo, kuma ba ta da hayaniya. Saukowa take yi da wani sauti kamar ajiyar zuciya, ta koma sama, ta bar gefen takarda fari fat, da santsi kamar an wanke shi.

Wuƙar ba ta sauka sai an danna maɓalli biyu a lokaci guda, ɗaya a ƙarshen teburin ta dama, ɗaya ta hagu. Wanda ya ƙera injin da gangan ya nisanta su, don kada mai yanka ya samu ragowar hannun da zai kai kusa da kaifi. Injin da Takwas ya fara da shi ba haka yake ba. Na hannu ne, mai dogon ƙarfe da ake jawowa ƙasa, da wata 'yar sakata da ke riƙe wuƙar a sama. Kowane yanka sai ka zare sakata, ka ja, ka mayar. Yana ɗan shekara goma sha huɗu, wata uku da fara aiki, ya ga zarewa da mayarwar nan ɓata lokaci ne kawai. Ya samu igiya ya ɗaure sakatar a buɗe. Ranar farko ya yi sauri har tsohon maigida ya dafa masa kafaɗa. A rana ta biyu ya miƙa hannu zai gyara takardar da ta karkace, wuƙar ta sauko da kanta.

Akwai wata ɗabi'a tasa da duk gidan ke yi wa dariya. Kowane aiki ya yanka, sai ya zare kwafi ɗaya ya soke a wata waya da ke rataye kusa da taga. Ƙarshen shekara ya zare su duka, ya ɗaure, ya sa a kwali, ya rubuta shekarar a jiki, ya ɗora a kan kanta. Asalin abin ba wata hikima ba ce. Wani mai shago ne ya taɓa dawowa yana rantsuwa an yanka masa rasit a karkace, Takwas kuwa ba shi da abin nunawa. Tun daga ranar bai ƙara barin aiki ya fita ba tare da ya bar shaida ba. Kwalayen sun cika kanta har sun kusa taɓa rufi. Mai kula da injin bugawa, wanda ake kira Tawada saboda faratansa ba su taɓa yin fari ba, yakan ɗaga kai ya dube su ya ce:

"Baba Takwas, ɓerayen gidan nan sun fi 'ya'yan Manaja karatu. Kai ka buɗe musu makaranta."

"Aƙalla su ba sa makara," in ji Takwas, bai ko juyo ba.

A bangon da ke fuskantar injin akwai wata sanarwa ta ofishin ƙwadago, ta yi jaja-jaja don tsufa. A nan gidan aka buga ta, shi ya yanka gefunanta. Tana cewa wanda bai cika shekara goma sha takwas ba, ba a sa shi aikin da zai iya halaka shi ko ya naƙasa shi, ta jero irin ayyukan, inji mai wuƙa na cikinsu. Ranar da aka manna ta, Takwas ya daɗe a tsaye yana karantawa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ta makara." Amma duk sa'ar da za a yi wa bangon fenti, shi ke ɓamɓare ta a hankali, fenti ya bushe ya mayar.

Bara ya fara gani dishi-dishi. Da fari ya ɗora wa taga laifi, ya sa aka wanke ta. Sai ya koma kan kwan lantarki. Da lambobin rula suka fara narkewa cikin juna, ya haƙura ya je asibiti. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe na dama, ta fara laɓowa na hagu. Za a cire ta, amma sai ya yi mako shida bai sunkuya a kan inji ba, bai shiga ƙurar takarda ba. Ranar da aka ba shi ta faɗo a tsakiyar lokacin da gidan ya fi cika da aiki, makonnin da ake buga littattafan rubutu kafin yara su koma makaranta. Manaja ya dafe kai da hannu biyu. A duk gidan ba wanda ya iya injin sai Takwas, kuma ba wanda yake son ya iya.

Ban da mutum ɗaya.

Ƙanwar Takwas tela ce, tana zaune bayan kasuwa da mijinta, tsohon direba da ciwon baya ya kwantar. Autarta na zuwa maɗaba'ar duk hutun makaranta tana taya matan tebur harhaɗa shafuka, aikin da babu abin da zai same ka a cikinsa sai ɗan yankan takarda a fatar yatsa. Doguwa ce, ta ɗara uwarta da tafin hannu guda, wanda bai san ta ba zai ba ta shekara ashirin. Matan tebur suka sa mata Walƙiya, don kafin su tara littafi ɗaya ta tara uku, kuma ba a taɓa samun shafinta a juye ba. Idan ta gama nata, ba ta zama a yi hira. Ƙurya take zuwa ta tsaya bayan jan layin da kawunta ya shata a ƙasa da fenti, ta zuba wa hannuwansa ido.

Wata rana da azahar, injin a kashe, yana shan ruwa, ta matso.

"Kawu, na gano wani abu."

"Allah ya sa alheri ne."

Ta tsinci guntun kwali a kwandon shara, ta ninke shi huɗu, ta nuna masa wani ɗan tsagi a gefen maɓallin hagu. "In ka cusa wannan a nan, maɓallin zai zauna a danne. Sai ka riƙa taɓa na dama kawai, hagunka yana gyara takarda. Na ƙirga, duk yanka ɗaya za ka rage daƙiƙa huɗu. Ka ga a yini guda..."

Idanunta na ƙyalli, tana jiran yabo. Takwas ya ji yatsun nan biyu da ba su nan sun fara yi masa ƙaiƙayi kamar yadda suke yi idan hadari ya haɗu. Ya karɓi kwalin ya sa a aljihu.

"Wa ya nuna miki?"

"Ba kowa. Ni na yi tunani."

"Na sani," in ji shi. "Koma tebur."

Bayan kwana huɗu Manaja ya kira shi ofis, fuskarsa a sake kamar wanda aka sauke wa kaya. A kan teburinsa akwai takarda mai hatimi, irin wadda ake zuwa a yi rantsuwa a karɓo idan ba a da takardar haihuwa.

"Baba, Allah ya kawo mana sauƙi daga cikin gida. Ƙanwarka ta kawo wannan jiya. Ashe yarinyar nan shekararta goma sha tara, mu muna ta yi mata kallon yarinya. Kana da mako biyu kafin asibiti. Ka koya mata. Da kai irin nata, kwana biyar ma ya isa."

Takwas ya ɗauki takardar ya kai ta kusa da idon hagu. Bai iya karanta ƙananan rubutun ba, amma lambar a manya aka rubuta ta. Ya ajiye.

"Zan duba," ya ce.

"Me za ka duba kuma? Ga hatimi."

Takwas ya fita ya jawo tsani ya jingina da kanta. Tawada ya kashe injinsa ya zo ya riƙe masa ƙafar tsanin yana cewa tsoho mai ido ɗaya ba ya hawa sama, in ya faɗo wa za a ce ya ture shi. Takwas ya bi kwalayen da yatsa yana ƙirgowa baya, shekara bayan shekara, har ya tsaya a kan ɗaya. Da ya kwance ɗaurin, ƙura ta tashi, ƙamshin tsohuwar takarda ya cika ƙuryar. Rasit na shagunan da aka daɗe da rufewa, jadawalin wata makaranta, sanarwar ɓatan akuya. A tsakiyarsu ya ji shi da yatsa kafin ya gan shi: ɗan ƙaramin kati mai kauri, gefensa mai lanƙwasa-lanƙwasa.

"Karanta mini," ya ce wa Tawada. "A hankali, ba na kasuwa ba."

Tawada ya goge hannu a wando, ya riƙe katin ta gefe. Sanarwar haihuwa ce: an samu ƙaruwar 'ya mace, uwa da jaririya suna lafiya, ga rana, ga wata, ga shekara. Ya karanta, ya yi lissafi da baƙaƙen yatsunsa.

"Sha shida da wata biyu," ya ce a ƙasa-ƙasa. Ya dubi ƙofar ofis, ya dubi teburin mata inda hannuwan Walƙiya ke tashi suna sauka kamar fukafukai. "Baba, na janye maganar ɓeraye."

Da la'asar Takwas ya tafi gidan ƙanwarsa. Ya same ta a ɗakin ɗinki, ƙafa a kan keke, tsinken allura uku a baki, tana haɗa hannun riga. Furfura ta fito mata a goshi, amma har yau 'yar nan yake ce mata, ita kuma Yaya. Ta gaishe shi ba ta tsayar da keken ba. Ya zauna a kan benci, ya tambayi jikin maigida, ya sha ruwan da aka kawo. Sannan ya ɗora katin a kan yadin da take ɗinkawa, dab da allura.

Keken ya tsaya. Ta cire tsinkunan daga baki ɗaya bayan ɗaya.

"Har sama ka hau ka tono wannan?"

"Ni na yanka shi. Sau biyu ma. Na farko kika ce gefen ya yi kama da na rasit, 'yarki ba buhun siminti ba ce."

Ta kusa yin dariya, ta haɗiye. "Ka kai wa Manaja?"

"Ban kai ba. Ba zan kai ba. Ba ni zan tsaya a gaban ɗan da na goya in ce ƙanwata ta rantse a kan ƙarya ba."

"To me ya kawo ka?" Ta ture yadin gefe. "Yaya, kowa yana yin takardar nan. Yaran da ba su kai ta ba suna tuƙa mota da ita. Ka ga ubanta a kwance. Ka ga idona ni ma, zaren nan sai na kira yaran maƙwabta su zura mini. Wurin nan naka ne shekara arba'in, ka fi so a kawo bare ya zauna, ka dawo ka tarar an manta da kai? Ita ce ta ce tana so, ba ni na tura ta ba. Kuma ka faɗa mini gaskiya, a duk gidan akwai mai kai irin nata?"

"Babu."

"To?"

"Shi ne abin da ya hana ni barci."

"Waɗanda suka rubuta dokar nan ba su taɓa ganin yarinyar ba. Me zai canza a wata ashirin da biyu? Ƙahoni za ta fito da su?"

"Ban sani ba," in ji Takwas. "Ni dai na san a sha huɗu hannuna ya riga kaina iya aiki. Kan bai kamo shi ba sai daga baya, ya zo ya tarar an yi ɓarna."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun kwalin nan mai ninki huɗu, ya ajiye kusa da katin. Ya gaya mata abin da yarinyar ta nuna masa, da tsagin da ke gefen maɓalli, da daƙiƙa huɗun da ta ƙirga, da yadda idonta ke ƙyalli.

Ƙanwarsa ta daɗe tana duban kwalin. A waje wani yaro na koran kaji, rediyon maƙwabta na magana shi kaɗai. Da ta buɗe baki, muryarta ta koma ƙarama.

"Igiyar ja ce."

"'Yar nan, bar shi."

"Ja ce. Ita Inna ke ɗaure ƙyallen kwanon abincinka da ita. Na kawo maka abinci, ka ce in ba ka aro, za ka nuna mini wata dabara. Na kwance na ba ka. Har tafi na yi maka." Ta shafa gefen keken da tafin hannu. "Washegari da na zo, a cikin ƙyallen nan na naɗe yatsun. Na bi ku da gudu har asibiti, ina tsammani ɗinke su za a yi kamar hannun riga. Shekarata goma."

"Ba laifinki ba ne. Ba nawa ba ne ma sosai. Ba wanda ya kamata ya bar ni kusa da wuƙar."

Ta share ido da bakin mayafi, ta yi tsaki don ta ji haushin kukan. "In na ƙi fa? In na bar takardar a inda take?"

"Sai in fasa zuwa asibiti. In ci gaba da yanka da lalube har aikin littattafan ya wuce."

"Makaho a gaban wuƙa. Kai dai tun kana yaro ba ka iya roƙo ba sai barazana." Ta mayar da ƙafa kan keke. "Tashi ka tafi, Yaya, kana tare mini haske."

Ya tafi bai san me ta yanke ba. Katin ya bar mata.

Da safe, ba a gama buɗe tagogi ba, sai ga ta a bakin maɗaba'a da mayafinta na fita unguwa. Ta wuce teburin mata ba ta dubi 'yarta ba, ta shiga ofis, ta bar ƙofar a buɗe.

"Manaja, takardar nan da na kawo, ba ni abata. An yi kuskuren lissafi, kuma ni na yi shi. Yarinyar sha shida take."

Manaja ya dube ta, ya dubi Takwas da ke tsaye a bakin ƙofa, ya dubi tarin rim da ya kai rufi. "Mama, ni ban ga kuskure ba. Hatimi na gani. Mako shida ne fa kawai. Mutanen ƙwadagon nan rabon da su leƙo layin nan tun ina saurayi."

"Ba don su na zo ba," in ji ta. Hannunta na miƙe, bai sauka ba.

"Sanarwar da ke bangon can," in ji Takwas, "mahaifinka ne ya manna ta da hannunsa. Da ya gama ya juyo ya dubi hannuna, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Kana ƙarami, ba za ka tuna ba."

Manaja ya ja dogon numfashi. Ya buɗe aljihun tebur ya miƙa mata takardar. Ita kuma ta juya ta ba yayanta. Takwas ya kai ta ƙurya, ya shimfiɗa a kan teburin ƙarfe, ya taka feda, ya buɗe hannuwansa biyu kamar mai shirin rungumar wani, ya danna. Wuƙar ta sauke ajiyar zuciyarta. Ya juya takardar ya sake, ya sake, har ta zama siraran zare, ya share su cikin kwando.

"Ba za ka soke ɗaya a waya ba?" in ji Tawada.

"Wannan ba zai shiga waya ba."

"To yanzu wa zai yi mini yanka?" Manaja ya tambaya daga bakin ofis. "Aljanu?"

Takwas ya nuna Tawada da haɓa.

"Ni? Baba, shekara ashirin ina zagaye injin nan kamar kare mai cizo. Ko wucewa zan yi sai na sa hannu a aljihu."

"Shi ya sa na zaɓe ka."

"Injin bugawa fa?" in ji Manaja.

"Kai. Kafin ka fara sa kwat, wa ya fi ka iya shi?"

Haka aka yi. Mako biyu Takwas yana tsaye a bayan Tawada, mutum mai 'ya'ya biyar yana zufa kamar ɗan makaranta ranar jarrabawa, yana karanta addu'a kafin kowane yanka. Manaja ya rataye kwat a ƙusa, ya naɗe hannun riga, kwana uku faratansa suka yi baƙi, matan tebur suka fara kiransa Ƙaramin Tawada a bayan idonsa. Aikin ya yi nawa. Wasu littattafan sun fita a makare, wani mai makaranta ya zo ya yi faɗa ya tafi. Ba abin da ya fi haka.

Walƙiya kuwa ta ɗauke wa kawunta wuta. Gaisuwa ɗaya da safe, a taƙaice, ido a ƙasa. Ya bar ta ta yi kwana biyar tana huci, sannan ya kira ta bakin jan layin, ya miƙa mata rularsa ta ƙarfe da fensir.

"Rabin aikin nan ba wuƙa ba ne, awo ne. Tawada yana da tsoro amma ba shi da lissafi, ke kina da lissafi ba ki da tsoro. Ki zauna a tebur ki riƙa auna masa, ki shata inda zai yanka, ki miƙa masa daga wannan gefen layin. In an koma makaranta, ki koma. Asabar ki zo."

"Awo," ta ce, kamar an ba ta tsintsiya. Amma ta karɓi rular. Ba wanda ya taɓa riƙe ta ban da shi.

Aka yi aikin ido da safiyar wata Talata. Ya kwana da bandeji, washegari ƙanwarsa da autarta suka raka shi a buɗe. Ma'aikaciyar jinya ta ɓare auduga a hankali, ta ce ya buɗe kaɗan-kaɗan. Da fari haske ne kawai, fari, mai zafi, har hawaye suka zubo. Sannan abubuwa suka fara dawowa mazauninsu: gefen taga ya miƙe sak kamar shi ya yanka shi, ganyen wata bishiya a waje suka rabu da juna ɗaya-ɗaya, ya ga ashe furfurar ƙanwarsa ta fi yadda yake zato yawa, ya gaya mata, ta ce Allah ya mayar da yanar.

"Kawo hannunki," ya ce wa yarinyar.

Ta miƙa ɗaya. Ya ce duka biyun. Ya ɗora su a kan gwiwarsa ya sunkuya, ma'aikaciyar ta ce ban da sunkuyo, ya ɗago su zuwa fuskarsa. Dogayen yatsu ne, sirara, da baƙin fensir a gefen manuni, da ɗan yankan takarda a babban yatsa wanda ya riga ya fara warkewa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa uku na hagu, leɓensa na motsi. Da ya kai ƙarshe ya sake farowa.

"Kawu, suna nan. Ba inda suka je."

"Na gani. Yau dai da idona na gani."

Ta zare hannuwanta, ta gyara masa gilashin duhun da aka ba shi, wanda ya zauna a karkace a kan hancinsa. "Jiya Tawada ya ɓata rim guda. Na shata masa daidai, ya rufe ido lokacin dannawa."

"Ya cire hannu dai?"

"Ya cire. Har da ƙafa ya ja baya."

"To ya iya aiki."

Sannan ta ce, ba tare da fushin kwanakin baya ba, "Saura wata ashirin da ɗaya da kwana tara. Na rubuta a bayan rular."

"A bayan rulata kika yi rubutu?"

"Da fensir ne."

Ƙanwarsa ta buɗe jaka ta fito da katin mai lanƙwasa-lanƙwasa, ta sa masa a aljihun riga ta danna da tafin hannu. "Mayar da shi kwalinsa in ka warke. A gidana ɓata zai yi."

Suka fito tare, ita ta dama, yarinyar ta hagu tana riƙe da hannun nan mai yatsu uku, tana gaya masa inda matakala take, ko da yake yanzu yana ganinta sarai.